Abin da masu bincike ke nema a gyambon ƙafata

Duk mai ciwon suga da ya kai gyambo asibiti, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne likita ba rufe ciwon yake yi ba, ƙara buɗe shi yake yi. Zai ɗauko wuƙar tiyata ya bi bakin ciwon yana feƙe kanta, yana yanke farin naman da ya mutu, ba zai ɗaga hannu ba sai ya ga jan jini ya tsatso. Mako ya zagayo ka koma, ya sake. Daga nan ne mutanenmu da yawa a Jidda suke ɗauke ƙafa daga asibiti, su ce koyon aiki ake yi a kansu. Ni na daure aka yi mini har ciwon ya rufe, kuma ana cikin jinyar na sa hannu a takarda, aka riƙa kai abin da aka yanke ɗakin bincike maimakon kwandon shara. Ta haka na san dalilin yankan.

Ni tela ne. A Fagge na koyi keke, na ɗan taɓa koyarwa a firamare, sannan Allah ya kawo ni ƙasar nan ina ɗinka jallabiya a shagon kafilina, wato wanda ya tsaya mini a takardun zama. Suga ya fi shekara goma a jikina, kuma a nan ba abin a juyo a dube ka ba ne, tun da ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce manya sama da miliyan 4 ne ke fama da shi a Saudiyya.

Ciwon ya samo asali ne daga wata Juma'a da na yi a Harami cikin watan Agusta. Aka idar da salla, na fito inda na ajiye takalmi, babu shi babu dalilinsa. Wanda ya san wurin ya san farin dutsen da aka shimfiɗa a filin ɗawafi, wanda aka kawo daga ƙasar Girka, ko da tsakar rana sanyi gare shi. Da ka wuce shi ka hau kwalta labari ya sauya, domin a irin wannan zafi kwalta takan haura digiri 60. Na taka ta ba takalmi har inda ake sayar da silifa. Mutane na gefena suna ɗage ƙafa suna tsalle, ni kuwa ɗumi-ɗumi kawai nake ji. Sai da dare, bayan na koma Jidda, uwargida ta ga sawun ruwa a kan tayil ta ce, "Malam, ɗago ƙafarka in gani." Bororo ne ya tashi a tafin ƙafa biyun, wani har ya fashe.

Ta hagu ba ta ba da wahala ba. Aka riƙa wankewa a ƙaramin asibitin unguwa ana sa bandeji, ta bushe, ta yi sabuwar fata. Ta dama ce ta ƙi. A daidai tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa, inda nake taka fedar keke, ƙunar ta zama rami zagayayye, bakinsa ya yi kanta mai kauri, cikinsa fari-fari, kullum yana tsatsar ruwa. Ba zafi ko kaɗan, kuma rashin zafin nan shi ne masifar, domin da yana zugi ai da ban iya taka keke a kansa daga safe har isha ba. 'Yan uwa suka yi ta kawo taimako, wannan zuma, wancan man habbatus sauda, wata Hajiya ta aiko da garin bagaruwa a ƙulle. Ranar da ciwon ya soma wari uwargida ta kwashe su duka ta zuba a leda ta ce, "Halas, gobe sai babban asibiti." Likitan unguwa ya rubuta takarda, aka tura ni sashen ƙafar masu suga a wani asibitin koyarwa.

Ranar farko ba a taɓa ciwon ba sai da aka gama da ƙafar. Likita ya sa na rufe ido, ya ɗauko wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa in an danna shi da nauyin giram 10, yana taɓa wurare a tafin ƙafata yana cewa in faɗa in na ji. Na yi shiru ina jiran ya fara, ashe har ya gama. Jijiyoyin ji sun mutu ke nan. Daga nan aka ɗaura mini abin awon jini a hannu, aka ɗaura a idon sawu, aka raba na ƙasa da na sama. In lissafin ya faɗi ƙasa da 0.9 alama ce hanyoyin jini sun cushe. Nawa ya tsaya kusa da 1, amma aka ƙara aunawa a babban yatsa, saboda jijiyar mai suga takan sandare ta ba da lamba ta ƙarya. Ya zura wani ɗan ƙarfe mai dakusasshen baki cikin ramin yana laluben ƙashi, bai taɓa ba, hoto ma ya nuna ƙashin lafiya lau. Sai awon suga na wata uku, wanda a nan kowa ke ce wa tarakumi. Ana so ya tsaya kusa da 7, nawa ya ba 10 baya. Likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce jini yana isa ƙafar, ƙashi bai kamu ba, saboda haka akwai fata, amma daga yau allurar insulin, kuma burodin tamis da shayi mai suga da safe sun ƙare.

Sannan ya yi yankan. Ina kallo yana feƙe naman ƙafata ba tare da an yi mini allurar kashe zafi ba, kuma ko gezau. Ramin da na shigo da shi ya ƙara faɗi, ya yi jawur. Nas, wata 'yar Filifin da ke kiran kowane dattijo Baba, ta ɗora farar leda a kai ta zana bakin ciwon da alƙalami, ta ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Aka rufe da bandeji, aka naɗe ƙafar da jibis, wato ɗauri mai tauri irin na karaya, tun daga yatsu har ƙasan gwiwa, an manna shi tsam a jikin ƙafar don nauyi ya rarrabu, kada ya taru a kan ciwon. Likita ya ce dabarar daga jinyar kutare a Indiya aka gaje ta, wani likita Paul Brand ne ya yaɗa ta, tun da kuturu da mai suga matsalarsu ɗaya a nan, ƙafar da ba ta jin zafi ba ta san ta huta ba. Duk mako ake yanke jibis ɗin, a gyara ciwo, a naɗa sabo. Alwala kuwa sai shafa a kan ɗauri, salla a kujera.

A zuwa na gaba ne ina waya da gida a ɗakin jira, wata yarinya cikin farar rigar asibiti ta tsaya har na gama, ta ce, "Baba, sannu da jiki. Na ji kana Hausa." Hausarta irin ta mutanenmu na Sudan ce, Larabci na leƙowa a tsakani. 'Yar Gadarif ce, kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa da niyyar hajji, zama ya kama su a hanya. Digiri na uku take yi a kan garkuwar jiki, kuma ita ke tattara samfur na wani bincike da ake yi a sashen. Ta ce naman da likita ke yankewa zubar da shi ake yi, suna roƙon in ba su.

Na ce, "'Yata, ni fa ba na son abin da zai taɓa igamata, takardar zamana a ƙasar nan." Ta yi dariya, ta zauna ta karanta mini takardar layi-layi tana mayarwa Hausa. Ba za a ƙara yanka ko ƙwayar zarra saboda su ba, abin da likita ya cire don jinya shi za su ɗauka, sai ɗan jini a kwalba lokaci-lokaci. Sunana ba zai bi naman ba, lamba za a rubuta. Ba kuɗi. In na ƙi, ko na yarda daga baya na fasa, jinyata ba za ta canja ba. Ta ce tun 2010 akwai dokar ƙasa a kan bincike da jikin mutum, ba wanda zai taɓa samfur sai kwamitin ɗa'a ya amince. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne da ta ce, "Baba, gaskiya ba zai warkar da kai ba. In an dace, na bayanka zai amfana." Da ta yi mini alƙawarin waraka da ban sa hannu ba. Na tafi da takardar gida, babban ɗana ya karanta na Larabcin, na tambayi limaminmu a kan naman ɗan Adam da ba a binne ba, ya ce bai ga laifi ba tun da amfanin mutane ake nema. Na koma na sa hannu.

Daga ranar, duk sanda za a gyara ciwon tana tsaye a gefe da ɗan akwatin ƙanƙara. Likita zai yanko, ta karɓa da hantsaki, ta raba gida biyu. Kantar waje ba ta damu da ita ba, naman bakin ramin take so, inda mai rai ya haɗu da matacce. Kashi ɗaya ta jefa a kwalbar ruwan fomalin, wanda daga baya za a daskarar da shi cikin kakin farafin na asibiti, a yanka shi siriri ƙwarai, a rina, a duba a madubin likita. Ɗaya kashin ta sa a wani ruwa da ke hana saƙon ƙwayoyin halitta lalacewa, ta rufe, ta dubi agogo ta rubuta lokaci, ta fita da sauri. Firjin da ake kai shi sanyinsa digiri 80 ne ƙasa da sifili. Duk abin bai kai minti biyar ba, naman ma bai fi ƙwayar shinkafa biyu ko uku ba.

Mai jibis ba shi da aikin da ya wuce zama da tambaya. Kullum in ta dawo sai na tare ta da guda, wani lokaci ta turo wa ɗana takarda ya karanta ya fassara mini da dare. Ga abin da na fahimta.

Idan lafiyayye ya yanke, jini ya daskare, cikin 'yan sa'o'i wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil suke cika wurin. Su ne na gaba, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba su da tausayi, har naman kirki sukan ɓata. Ba sa daɗewa, kwana ɗaya zuwa biyu sun soma mutuwa. Sai manyansu su iso, makrofaj. Da farko su ma faɗa suke zuwa yi, suna zuba sinadaran kumburi, suna haɗiye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, har da gawarwakin nutrofil. To cin gawarwakin nan yana daga abin da ke juya musu hali, su bar faɗa su koma kiran gini, sababbin jijiyoyin jini su tsiro, jan nama ya cika rami, fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. Tun 1975 wasu masana biyu, Leibovich da Ross, suka nuna muhimmancinsu, da suka kawar da makrofaj daga jikin ɓeran Masar sai ciwo ya ƙi tsaftacewa, gyara ya yi jinkiri. A jikin mai suga wannan juyin hali ne yake cijewa. Makrofaj ba sa kwashe gawarwakin yadda ya kamata, sai su tsaya a halin faɗa mako da makonni, suna ta zuba sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1, wasu sinadaran masu narkar da nama su yi yawa, duk abin da aka soma ginawa su cinye.

Na ce mata, "Wato irin rusau ɗin da aka yi mana a unguwannin Sabil da Karantina a nan Jidda. Katafila ta shigo ta rushe, sai masu kwasar ɓaraguzai, sannan magina. Ke kina cewa a ƙafata katafilar ce ta ƙi fita." Ta ce, "Kusan haka, Baba, sai dai a nan direban katafilar shi ne maginin. Shi ake jira ya sauko ya ɗauki cokalin gini."

Na nutrofil ma akwai nasu labarin. A 2004 wasu masana a Balin ta Jamus suka gano cewa yakan watso zaren gadonsa, wato DNA, waje ya zama raga mai danƙo da ke kama ƙwayoyin cuta. A 2015 wasu a Boston ta Amurka suka nuna cewa nutrofil na mai suga, na mutum da na ɓera, ya fi saurin sakin ragar nan, ta taru a ciwo ta hana shi rufewa. Da suka gwada ɓerayen da ba su da sinadarin PAD4, wanda shi ke buɗe hanyar sakin ragar, ko suka ba su maganin da ke narkar da DNA, ciwon ya fi saurin warkewa. A shekarar ne kuma masu bincike a Jami'ar Mishigan suka nuna a ɓeraye cewa ɓarnar tun daga ɓargon ƙashi take farawa. Ƙwayoyin da ke haifar makrofaj sukan samu wata alama a kan ƙunshin gadonsu, sai 'ya'yan su fito da saurin fushi tun kafin su ga ciwo. Wannan ya sa jikina ya yi sanyi, na ce to ashe sauke suga yanzu aikin banza ne. Ta ce a'a, sugan da ya hau a yau ma yana rage wa nutrofil ƙarfin kashe cuta a yau ɗin, sai dai kada in ɗauka mako biyu na insulin zai goge shekara goma.

Wata rana ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini hoton wani samfur, ba nawa ba, don ita kanta lamba take gani. Baƙin fili ne da ɗigo-ɗigo, shuɗi ko'ina, kore a wasu wurare, ja jefi-jefi. Shuɗin cibiyar kowace ƙwaya ce. Koren rini ne da ke kama wata alama mai suna CD68 da ke jikin makrofaj, jan kuma yana kama CD206, alamar waɗanda suka karkata ga gyara. Inda kore da ja suka hau juna sai ya ba da rawaya. Aikinta ƙirga su, fili bayan fili, mako bayan mako, a ga yadda lissafin ke tafiya a ciwon da ya rufe da wanda ya ƙi. Ta ce a 2015 wasu a Jami'ar Drexel sun yi irin haka da naman da ake yankewa, suka ga a ciwon da zai warke alamun faɗa suna raguwa a kan na gyara cikin makonnin farko, a wanda ba zai warke ba kuwa ƙaruwa suke yi. Burin shi ne wata rana likita ya san tun da wuri wane gyambo ne zai yi taurin kai, kada a ɓata wata uku ana jira.

Na tambaye ta me ya sa ba su tsaya a kan ɓeraye ba, tun da sun fi mu sauƙin sarrafawa. Ta ce fatar ɓera sakakkiya ce, akwai siririn tsoka a ƙarƙashinta da ke tattaro ciwo ya tsuke, mu kuwa sai nama ya cika, fata ta rarrafo. Don haka masu bincike sukan ɗinke zoben roba a kewayen ciwon a bayan ɓera don kada fatar ta tattaru. A matsayina na tela na jinjina wa mai wannan ɗinki. Kuma ko an yi haka, ciwon ɓera na kwana goma ne da aka yi da gangan a wuri mai tsafta, ba gyambon wata uku da ake takawa cikin silifa a zafin Jidda ba.

Nan ne fa zancen ya rikice, kuma a ganina nan ne ya fi daɗi. Da aka koma duba naman mutane da kyau, ba duka ya bi abin da ɓera ya faɗa ba. A 2020 masana daga Jami'ar Miyami da Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka suka kwatanta gyambon masu suga da sabon ciwo na lafiyayyu, suka ga a gyambon kiran nutrofil da makrofaj ma rauni gare shi, ba sa taruwa da ƙarfi yadda suke yi a sabon ciwo. A 2022 wasu a Boston suka bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, dubbai, suka ga masu gyambon da ya warke sun fi yawan makrofaj masu halin faɗa a kan waɗanda nasu bai warke ba. Na ce, "'Yata, ku tsaya a magana ɗaya mana. Faɗan ne ya yi yawa ko kaɗan ya yi?" Ta ce duka biyun na iya zama gaskiya, domin lokaci ne abin dubawa. Ciwo yana son faɗa mai ƙarfi a farko, wanda zai zo ya gama ya wuce. Gyambon mai suga kuwa faɗansa bai yi ƙarfin da zai kawar da cuta ba, bai kuma ƙare ba balle a soma gini.

Da na ji haka sai wuƙar likita ta daina ba ni haushi. Ƙwayoyin cuta a tsohon ciwo sukan yi wa kansu rufi mai yauƙi wanda magani da garkuwar jiki ba sa ratsawa da sauƙi, ƙwayoyin fata na bakin ramin kuma sun gaji sun daina tafiya. In an feƙe duk wannan har jini ya fito, an mayar da tsohon ciwo sabo, sababbin ƙwayoyi su shigo da jinin, a sake farawa daga farko. Wanda ya gudu don ya ga ramin ya ƙara faɗi, ya gudu ne daga ainihin maganin.

Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa. Jini ɗaya, ɓargo ɗaya, kwalta ɗaya, rana ɗaya, me ya sa ta hagu ta warke? Ta ce wannan ta likita ce. Shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba daga abin da yake yi, ya tambaye ni da wace ƙafa nake taka keke. Ya ce garkuwar jikina raunanniya ce a ƙafa biyun, amma ta hagu an bar ta ta lallaɓa ta gama aikinta, ta dama kuwa kowane taku sabon rauni ne, jiki ya sake kiran 'yan faɗa. Ban ga saɓani tsakanin maganarsa da tata ba. Ita tana faɗin abin da ke faruwa a ciki, shi yana faɗin abin da ke tayar da shi.

Awon da ya fi muhimmanci shi ne na mako huɗu. Tun 2003 wani bincike ya nuna cewa gyambon da bai ragu da rabi ba a wannan lokaci, da wuya ya rufe a mako 12, sai a sake dabara. Nas ta ɗora sabon zane a kan na farko, nawa ya ragu fiye da rabi. Ban yarda da kwamfutarsu kai tsaye ba, na ciro tef ɗina daga aljihu na auna zanen biyu da kaina, tana ta dariya. Lissafinsu daidai ne.

Ba a tafi haka sumul ba. Ana cikin murna sai na tashi da zazzaɓi-zazzaɓi, da aka buɗe jibis gefen ciwon ya yi ja ya kumbura. Likita ya yanki nama daga can ciki ya aika a shuka, bai yarda da shafar sama da auduga ba, ya ce wannan tarkacen fata kawai take kwasowa. Aka samu ƙwayar sitafilokokus, aka ba ni maganin da ya dace da ita. Sai a lokacin aka fara ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin a cewarsa ciwon da bai harbu ba ba ya buƙata. Aka cire jibis aka ba ni wani babban takalmin roba mai maɗauri don a riƙa duba wurin kullum. Da kumburin ya sauka sai ya naɗe takalmin da bandeji mai tauri yadda ba zan iya kwancewa ba. Na ce, "Dakta, ba ka yarda da ni ba ne?" Ya ce ba ya yarda da kowa, an taɓa sa wa marasa lafiya na'urar ƙirga taku a ɓoye a jikin irin wannan takalmi, aka ga ko kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsu ba sa yi da shi.

A shago kuwa na koma yanka da ɗinkin hannu, ƙafa a kan kujera, yara na taka keke. Abin da ke shigowa ya ragu ƙwarai, inshorar aiki ta ɗauki wani abu ta bar wani. Wannan ɓangaren babu shi a takardun bincike, amma shi ke mayar da yawancin mutanenmu kan ƙafarsu tun ciwo bai rufe ba.

Na tambayi yarinyar ko duk wannan ilmi ya haifar da magani ko ɗaya. Ta ce akwai wani man shafawa daga Taiwan da aka haɗa daga ganyaye biyu don ya karkata makrofaj zuwa gyara. A gwajin da aka buga a 2021 da mutum 236, kusan kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka shafa wa sun warke cikin mako 16, na bandeji kawai kuwa kashi 35. Amma su ma sai da aka riƙa yanke musu mataccen nama. Ni ba a sa mini shi ba, tun da nawa yana tafiya. Da na ji ganye ne sai na tayar da zancen zumarmu da bagaruwa. Likita ya ce ƙa'idojin duniya na jinyar ƙafar mai suga na 2023 ba su goyi bayan sa zuma don rufe gyambo ba, ya ƙara da cewa, "Kai dai, Hajji, ba a ƙafa ba, ba a baki ba." Ba na musun akwai waraka a zuma, Alƙur'ani ya faɗa. Abin da na gani da idona shi ne mutum ya shafa ta ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da yawo a kan ciwon wata biyu, sai ƙashi ya kamu a kwashe shi zuwa asibiti.

Ciwon ya rufe bayan wajen wata uku da fara zuwa sashen. Fatar da ta fito siririya ce mai sheƙi, aka ce in ƙara mako biyu a takalmin kafin in taka ta. Tarakumi ya sauko 7 da ɗoriya. Likita bai ce na warke ba, ya ce ciwon ya kwanta, domin alƙaluman da aka tattara a 2017 sun nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na masu irin wannan gyambo yakan dawo musu cikin shekara guda, kusan kashi 60 cikin shekara uku. Aka auna ƙafata aka yi mini takalmi mai shimfiɗa ta musamman da aka rarake daidai tudun. Kullum da dare ana duba tafin, ni da madubi ko uwargida da fitilar waya, kuma ba na zura ƙafa a takalmi sai na laluba cikinsa da hannu. In zan shiga Harami takalmin yana cikin jaka a kafaɗata, da safa mai kauri a ƙafa. Fedar keke mun mayar da ita hagu, mun ɗora mata soso, na kuma koyi takawa da dukan tafin maimakon tudun yatsa. Hannu ya fi ƙafa saurin koyo, har yanzu ɗinkina na gudu bai koma yadda yake ba.

Sakamakon samfurina ba a ba ni ba, kuma tun a takarda an gaya mini haka, sai an tara na mutane da yawa za a buɗe lambobin a kwatanta. Yarinyar ta ɗebi jinin ƙarshe ta ce za su kira ni bayan shekara su ji ko ciwon ya dawo, wannan ma yana cikin abin da suke ƙirgawa. Kafin nan ina komawa sashen duk bayan wata biyu a feƙe kantar da ke son taruwa a kan tabon.